Jimlar kabu-kabu: inda aikinmu ya kwana

Asabar, 11 ga Janairu 2025

To bismillah. Na ce bari in riƙa rubuta yadda aikin ga na haɗa ma ɗalibaina ɗan littafin nahawun Ingilishi ke tafiya duk sati, don na san halina, in ban rubuta ba nan da wata guda zan manta mi munka yi mi ya rage. Ni mushen Ingilishi ne, wato malami, nan Tahoua a Nijar, ƴan tarminal, ajin ƙarshe na sakandare, nake riƙe da su bana, kuma abin da ya tayar da maganar debuwar ɗin Disamba ne, wato gwajin kalas. Na sa musu wani ɗan labari, cikin shi akwai jimlar ga: Having lost his job, the young man left for Abidjan. Tambaya mai sauƙi, domi saurayin ya tafi Abijan? Wallahi fiye da rabin kalas sun faɗi. Wani ma ya rubuta min wai ya tafi ne saboda yana da aiki can, shi having kawai ya gani ya ce ai mallaka ce, ya wuce abin shi. Kuma yaran ga kusan kowa na da wa ko kawu da ya tafi bida Abijan, labarin ba baƙo ba ne gare su, ginin jimlar ne ya kada su.

Abin da Ingilishi ke kira participle clause ke nan, ni dai fatisiful nake rubutawa. Guntun jimla ne da ba shi da mai aiki nashi na kanshi kuma bai nuna lokaci, aikatau ne kawai da anka liƙa ma -ing a wutsiya, ko kuwa siffa ta ukku irin su broken, written, sold. Asalin kalmar daga Latin take, ma'anarta mai tarayya, don rabin shi aikatau ne rabi sifa. Jemage ke nan, ba shi cikin tsuntsaye ba shi cikin ɓeraye.

Niyyata in haɗa ɗan littafi, shafi 12 haka, bayani da Hausa misalai da Ingilishi, kuma duk Asabar bayan la'asar in gwada shafin da na rubuta a kan waɗanda sunka zo. Kyauta. Yau mutum 14 sunka zo, huɗu mata. Ba mu yi komi ba sai na ba su jimloli goma na ce su ja layi ƙarƙashin guntun da ba shi da mai aiki.

Asabar, 18 ga Janairu

Yau an yi abu, bari in faɗa a tsanake.

Na shigo da shirina kamar yadda anka koyar da mu, wato in bi ta Faransanci. Tunda daga siziyem, ajin farko na sakandare, har tarminal haka ake yi, Ingilishi sai ya biyo ta gidan Faransanci kamin ya iso ga yaro. Na rubuta a tablo en marchant, na rubuta ayant perdu son travail, na ce kun ga ai akwai shi a Faransanci, -ant ɗin ga shi ne -ing. Sunka gyaɗa kai, irin gyaɗa kan nan da duk mai koyarwa ya sani, na a rabu lafiya. Kuma ba laifinsu ba ne, wa ka taɓa ji a fada ana shan shayi ya ce ayant? Abin littafi ne, su ma a Faransancin da ƙyar suke riƙe da shi, sai ya zamana ina jingina katanga mai rawa da wata mai rawa.

Ina cikin fama na rubuta Hearing this, the old man stood up. Sai wata yarinya da ba ta cika magana ba, mai zama kusa ga taga, ta ɗaga hannu ta ce “Mushe, ashe kamar a ce da jin haka sai tsohon ya miƙe?” Na tsaya da alli a hannu. Da jin haka. Babu mai aiki a ciki, babu lokaci, ba a ce ya ji ba ba a ce zai ji ba, sai ka kai ga tsohon kake sanin wa ya ji. Daidai da na Ingilishin, ko ɗigo babu bambanci. Shekara tara ina koyarwa ban taɓa lura ba, kuma kakata da ba ta taɓa taka lakkwal ba da shi take buɗe rabin tatsuniyoyinta, da ganin haka sai kura ta ruga, da isa gida sai gizo ya kwanta ciwon ƙarya.

Daga nan kalas ya ɓalle, kowa na jeho nashi. Wani ya ce yana tafe yana waƙa, na rubuta He walked along singing. Wani ya ce zaune gindin bedi ya ga motar ta wuce, na rubuta Sitting under the tree, he saw the car pass. Sai munka gano ashe su zaune, tsaye, kwance, riƙe, ɗauke, rataye duk irin aikin ga suke yi a Hausa: ya shigo riƙe da sanda, He came in holding a stick. Na goge Faransancin gaba ɗaya. Shafi na 1 da na 2 da na rubuta cikin sati sun tashi aiki, sake su zan yi daga farko, daga “da jin haka” za su fara yanzu.

Asabar, 25 ga Janairu

Satin da ya wuce na koma gida ina ta murna Hausa ta cece mu, yau kuma Hausar ce ta kada mu, abin dariya.

Na ce kowa ya ɗauko abin da ya taɓa faruwa da shi ya faɗa da Hausa sannan ya juya. Wani yaro dogo ɗan Bilbis ya ce ina tafiya kasuwa moto ya buge ni. Hausa lafiyayya, ba mai gyara mishi. Ya juya: Walking to the market, a motorbike hit me. Na ce to wa ke tafiya kasuwa da ƙafa? Ya ce ni mana Mushe. Na ce a'a, a Ingilishin ga da ka rubuta moto ne ke takawa zuwa kasuwa, ƙila cefane anka aike shi. Sai da surbeyan ya leƙo don dariya.

Ga inda matsalar take. A Hausa “ina” ɗin nan ya riga ya ɗauko mai aikin ya taho da shi, ina, kana, yana, tana, kowane da mutumin shi a ciki, saboda haka kana iya canza mai aiki a tsakiyar jimla ba abin da ya ɓaci, ni ke tafiya moto ke bugewa. To in ka mayar da shi walking ka yar da “ina” a hanya, guntun ya zama maraya, kuma dokar Ingilishi ita ce duk sunan da ya fara zuwa bayan waƙafi shi ne mai aikin guntun, ko ka so ko ka ƙi.

Nan ne sunan littafin ya fito. Na ce musu ku ɗauka babbar jimla kabu-kabu ce, wato moton haya, mai aikinta shi ne direba. Guntun fatisiful fasinja ne, ba shi da moto nashi, bayan direba yake hawa, inda direba ya nufa can ya nufa. In ka ɗora shi bayan direban da ba nashi ba sai ya tsinci kanshi wata unguwa. Gyara iri biyu ne: ko ka canza direba, Walking to the market, I was hit by a motorbike, ko ka saya ma fasinja moto nashi, While I was walking to the market, a motorbike hit me. Yanzu ko a kalas na safe in wani ya yi kuskuren sai ka ji daga baya an ce “fasinja ya hau moton banza”.

Abin da zan sa a shafi na 4 da manyan baƙaƙe: “da jin haka” juya shi kai tsaye, amma “ina tafiya” tsaya tukuna ka duba wa ke bayan waƙafi.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Ba a yi karatu ba, rasuwa anka yi a maƙwabta. Da dare na zauna buga shafi na 5 a tsohuwar kwamfutata wadda batirinta ya mutu tun bara, na kusa gamawa kuran, wato lantarki, ya tafi, komi ya bi iska. Na sake shi a kaye da fitilar portabul. Shafin rubutu ne kawai, ba wani zurfi: write ya zama writing, e ta faɗi, sit da run su ninka baƙin ƙarshe, sitting, running, lie da die su koma lying, dying. Ƙaramin abu, amma nan ake zubar da maki a banza.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Siffa ta ukku yau. Na zo da albasa guda biyu cikin aljihun riga, da gaske, na aza a tebur. Na rubuta jimla biyu: The man selling onions is my uncle, da kuma The onions sold in Galmi are purple. Na ce ga selling ga sold, aikatau guda ne, mi ya raba su? Shiru na ɗan lokaci, sai wani ya ce kawu shi ke sayarwa, albasa kuwa ita anka sayar. Shi ke nan ya gama darasin. Tambayar da za ka yi ma kanka guda ce, shi ya yi ko shi anka yi ma? In shi ya yi, -ing. In shi anka yi ma, siffa ta ukku. Kuma jimlolin ga biyu taƙaitawa ce kawai, who is da which are anka cire daga tsakiya, shi ya sa babu waƙafi a cikinsu.

Nan ma Hausa na da kayanta, dafaffe, soyayye, karyayye, rubutacce, ɓatacce. Soyayyen nama fried meat, karyayyar kujera broken chair. Da sunka riƙe wannan sai na kai su ga wanda ke zuwa a gaban jimla, Grown in Galmi, these onions are sold as far as Abidjan, kuma ba wanda ya yi gardama don kowa ya san manyan motocin da ke lodin albasa suna yin kudu.

Inda ake kuka shi ne hardar. A Hausa in ka san dafa ka san dafaffe, ƙa'ida ce, amma Ingilishi na da aikatau marasa bin ƙa'ida wajen 200, kuma nan layi na ukku ake so ba na biyu ba. Yara da yawa sun hardace go went gone kamar karatun allo amma in an zo aiki sai su ɗauko na tsakiya, na ga Wrote in Hausa har sau ukku yau maimakon Written in Hausa. Wannan ba ni da dabara a kanshi, harda ce sai an yi ta.

Muna tashi wani ya yi hamma ya ce “Mushe, I am boring.” Na ce haka ne ɗana, ka faɗi gaskiya, kai ke gundurar mutane. Bored yake nufi. Ita ma tambayar nan ce dai, shi ya yi ko shi anka yi ma. Albasar kuwa ban koma da ita gida ba, ban san wa ya ɗauke ba.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Satin da ya wuce munka yi having, wato jimlar da ta jawo duk aikin ga. Bai ba da wahala ba yadda na zata. Having ɗin nan ba mallaka ba ce, alama ce cewa aikin farko ya ƙare sarai kamin na biyu ya fara, bayan da ya rasa aikin shi, ko tunda ya rasa aikin shi, sai ya tafi. In kuma shi anka yi ma, having been: Having been warned twice, he kept quiet. Korewa kuma not a gaba can farko, Not knowing the road, we asked a herder.

Wannan knowing ɗin sai da ya tayar da ƙura, don ni da bakina na hana su cewa I am knowing tun suna sagwan, aji biyu kamin tarminal, na ce su know, be, have na mallaka ba su ɗaukar -ing. Yarinyar taga ta tuna min. Dole na ce to waccan doka ta lokacin ci gaba ce, am knowing ne haramun, amma a guntun fatisiful halas ne, Knowing him, Being tired, Having no money duk daidai ne, kuma galibi dalili suke bayarwa. Ta rubuta amma na ga fuskarta, kamar ta ce ku dai malamai kullum da sabuwar magana.

Jiya Juma'a kuma na kai ma tsohon mushenmu shafukan ya duba, wanda ya koyar da ni a CEG, ƙaramar sakandare, ya yi ritaya yanzu, kullum yana ƙofar gida bisa tabarma da rediyo. Na durƙusa munka gaisa, ya sa tabarau ya karanta har ƙarshe bai ce uffan ba, sannan ya ce “Yaro, kabu-kabun ga naka na da kyau, amma ka taɓa ganin moto na tafiya ba direba?” Na ce a'a Baba. Ya karɓi bik ɗina ya rubuta a gefe: Generally speaking, the rains start in June. Judging by his accent, he is from Konni. Ya ce to wa ke speaking, damina? Na yi shiru. Gaskiyar shi, akwai ƴan kalmomi da sunka daskare haka, su generally speaking, judging by, considering, supposing, mai magana ne mai aikinsu kuma ba Baturen da zai ce kuskure ne. Ya ce ko Faransanci mai tsananin doka yana da karin maganar nan l'appétit vient en mangeant, ai ba marmarin ke cin abincin ba.

Bai tsaya nan ba, ya ƙara min fasinja mai zuwa da direban shi: The sun having set, we went home, da Weather permitting, we will travel tomorrow. Nan guntun na da mai aiki nashi a gaba, rana, yanayi, don haka ba ya aron na kowa. Ina ganin shi na ce Baba ai wannan shi ne rana na faɗuwa munka koma gida. Ya ce to ka sani ka bar shi waje? Shafi 12 ya zama 14. Ya kuma ce abin da ya tsaya min a rai, wai in gaya ma yara wanga kayan rubutu ne, na jarida da littafi da takardar jarrabawa, kar wani ya je tasha a Sakkwato ko Legas ya ce ma direba Having paid my fare, dariya za a yi mishi.

Asabar, 15 ga Maris

Azumi, ga zafi ya fara, mun mayar da karatun ƙarfe takwas na safe. Mutum 9 kawai.

Sabuwar cuta ta ɓullo kuma ni na jawo ta. Na ba su rubutun shafi guda kan ranar kasuwa, yaron Bilbis ya kawo min nashi, jimla 17, goma sha biyar da -ing sunka fara. Waking up, washing my face, greeting my mother, haka har ƙasa, kai kamar ana daka. Ko ɗaya fasinja bai hau moton banza ba, wannan na yaba mishi, amma ba ya karantuwa. Na ce mishi gishiri ne, ba a yin tuwo da shi.

Kuma cikin su akwai wata da ta koya min abu: Putting on my shoes, I ran to the market. Na ce tashi ka gwada mana, sa takalmi kana gudu. Ya tashi yana ɗingishi da ƙafa guda, ƴan kalas na ta kyakyata duk da yunwa. -ing tsura na nufin ayyukan biyu tare suke, ko kuwa na biyu na manne da na farko kamar ƙiftawar ido. In sai ɗaya ya ƙare ɗaya ke farawa to having ko after, ko ma ka rubuta I put on my shoes and ran, ba wanda zai rage maka maki don ka yi magana a miƙe.

Sauran lokacin munka yi shi kan ma'ana, don guntun ba ya faɗa maka alaƙar shi da babbar jimla, kai ke cirowa. Wani sa'in lokaci ne, wani sa'in dalili, Feeling ill, she went home. In ya zo a ƙarshe bayan waƙafi sau da yawa sakamako ne, It rained all night, flooding the road, wato har ya kai hanya ta cika. Siffa ta ukku kuma takan ɓoye sharaɗi, Stored in a dry place, onions last for months, in an adana ta ke nan, kamar dai yadda manoma ke yi a rudu, rumbun ajiyar albasa. Dabarar da munka tsayar, ka gwada sa ma guntun da, tunda, har, in, ka ji wanne ya zauna. In kai ke rubutawa kuma kana tsoron a ɓata, Ingilishi ya yarda ka bar when, while, after, before a gaban -ing ɗin.

Asabar, 12 ga Afrilu

Barkanmu da shan ruwa, ko da ya ke an kwana biyu. Tun kamin mu fara yara sunka tare ni da zancen kundin da gwamnatin Nijar ta sa ma hannu ran 26 ga Maris, wanda ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Wani ya ce Mushe ashe ka riga gwamnati. Na ce ku bar ni, ni albasa da kabu-kabu na sani, ku buɗe kaye.

Littafin ya fito. Shafi 14, fotokofi dala biyar-biyar shafi, kowane ya tashi dala saba'in, na buga 30 daga aljihuna, uwargida ta ce in ana rabon lada a tuna da kuɗin cefanenta. Na sake ba su jimlar Abijan cikin wasu tara ba tare da na faɗa ba, cikin mutum 13 da sunka zo 11 sun ci ta. Biyun da sunka faɗi siffa ta ukku ce har yanzu, don haka Asabar biyu masu zuwa harda za mu yi ba wani abu ba, sannan mu shiga tsoffin takardun bak, jarrabawar ƙarshen sakandare, mu riƙa farautar guntayen a ciki.

Muna cikin rabawa yarinyar taga ta buɗe shafin farko inda na yi ƴar gabatarwa da Ingilishi don burgewa, ta karanta, ta ɗago kai ta ce “Mushe, wa ya gama karanta littafin, jarrabawa?” Na karɓa na duba. Da hannuna na rubuta Having finished this booklet, the exam will be easier. Na karanta shafin ga ya fi sau biyar, Baba ma bai gan shi ba don bayan na baro wurin shi na ƙara. Kalas ya ɗauka baki ɗaya, fasinja ya hau moton banza, har da masu buga tebur.

Kuɗin sake bugawa babu. Na karɓe duka talatin ɗin, ga su nan gabana yanzu, ina bi da jan bik ina soke the exam will be easier ina rubuta you will find the exam easier a sama. Na yi 19, saura 11, kuma bik ɗin ya fara shan iska.